Ina Son Komawa Tuƙin Jirgi, 'Yata Ta Ce Sai Dai In Zaɓa

Anti Odil,

Don Allah ki taimaka mini da shawara. Kaina ya ƙulle, kuma duk wanda na tunkara da maganar nan a gida ya riga ya ɗauki ɓangare.

Ni mace ce mai shekara hamsin da bakwai, ina da kantin magani a Akwa, nan Duwala. Tun ina budurwa na koyi tuƙin ƙaramin jirgin sama a kulob ɗin da ke gefen babban filin jirgi. Ba sana'a ba ce, sha'awa ce kawai, kamar yadda wasu ke ƙarar da albashinsu a leshi da takalma. Ranar Lahadi bayan coci sai in bi bakin teku zuwa Kribi, in ci gasasshen kifi, in dawo kafin hadari ya haɗu. A kulob ɗin na haɗu da mijina, Ebenezer. Abokinsa ne ya zuga shi ya shiga jirgina, bai sauka ba sai da ya amayar da duk abin da ya ci. Bai sake hawa ba har ya bar duniya, amma bai taɓa hana ni ba. Cewa yake, "Je ki abinki, ni a ƙasa Allah ya ajiye ni."

Yaranmu biyu suna sakandare ya samu shanyewar ɓarin jiki. Daga nan ban sake taka filin ba. Shekara goma sha shida ina juya shi, ina yi masa wanka, ina ba shi abinci a baki, ga tsaron kanti. Ba ƙorafi nake yi ba, Anti, mutumin kirki ne, da ni ce a kwance shi ma da ya yi. Bara ya rasu. Aka gama makoki, baƙi suka watse, na zauna a falo na rasa abin da zan yi da hannuwana tunda babu wanda zan ɗaga.

Wata Asabar na tsinci kaina a kulob. Lasisina ya mutu tuntuni. Aka lissafo mini abin da zan yi: gwajin lafiya, jarrabawar rubutu, gwajin Turancin da ake magana da masu ba jirage umarni a hasumiyar filin jirgi, awoyi tare da malami, sannan gwajin tuƙi. Na ce to. Likitan da hukuma ta amince da shi ya ce jinina ya hau, in dawo idan ya daidaita. Ni da nake sayar wa rabin unguwa maganin hawan jini! Wata ƙawata ta ce in haɗiyi ƙwaya da safen ranar gwajin lafiyar in ja bakina in yi shiru, wai kowa haka yake yi.

Malamin da aka haɗa ni da shi tsohon matuƙin soja ne, sunansa Nguele. A sama hannuna bai manta ba, wallahi ranar farko da muka tashi na hango kogin Wuri a ƙasa sai da na yi hawaye. Sauka ce ta gagare ni. Jirgin ya daki ƙasa ya yi tsalle, ya sake duka. Nguele ya ce, "Madam, saukar jirgi kike yi ko dakan rogo?" Na yi dariya a gabansa, a mota kuma na kifa kai a sitiyari. Agogunan gaban jirgi da na sani duk an cire su, yanzu wani allo ne kamar babbar waya, kafin in gano inda lamba take Nguele ya riga ya yi tsaki. Saboda kanti da ruwan sama sai in yi sati biyu ko uku ban je ba, in na koma kamar ban taɓa koya ba.

Ga kuma maganar jirgi. Pa Njoh, dattijon da ke kulob tun zamaninmu, zai sayar da nasa mai kujera huɗu. Shi ne ainihin jirgin da na koyi tuƙi a ciki. Ya yi shekaru a rumfa ba ya tashi, tayoyinsa sun sace, amma da na buɗe ƙofar warin cikinsa na nan yadda na san shi. Pa Njoh ya dafa kafaɗata ya ce, "'Yata, ba na so ya faɗa hannun bare. Injin nan kamar jiya aka sa shi." In zan saya sai na sayar da filin da Ebenezer ya bari a unguwar Bonaberi. Gefe guda wasu mutum uku suna neman na huɗu su haɗa hannu a sabon jirgi mai kujera biyu, mara nauyi, mara shan mai. Sai dai iska tana wasa da shi, kuma kowa Lahadi yake so.

Ɗana Dipita, daga Yawunde, cewa yake, "Mama, sayi babban mana, mu kwashi juna zuwa Kribi." Shi dai baki ne gudummawarsa. 'Yata Endale kuwa ta zo cin abincin Lahadi, na yi mata miyar shuwaka ta ndole, ta ga littattafan jarrabawa a kan tebur. Ta ajiye cokali ta ce, "Mama, bara muka binne Papa. Ke kuma so kike mu je tsamo ki a ruwa? Ranar da kika hau jirgin nan ke kaɗai, kada ki sa ran zan ƙara kawo miki Kwedi." Kwedi jikata ce, shekararta huɗu. Tun ranar in na kira Endale, gaisuwa ce kawai sai ta ce tana aiki.

Na gaji, Anti. Na gaji da karatu, na gaji da tsakin Nguele, na gaji da rarrashi. Amma in na ce zan bari sai in ji kamar an rufe ni a ɗaki. In ci gaba? Wane jirgin? Ko dai tsufa ne ya zo na ƙi yarda?

Mai kantin magani, Akwa

*

'Yar'uwata,

Allah ya jiƙan maigidanki, ya saka miki da jinyar da kika yi. Gajiyarki ba ta tsufa ba ce. Kin fito daga shekara goma sha shida na ɗawainiya ba ki huta ba, kika ɗora wa kanki abu huɗu a lokaci guda: likita, malami, ciniki, da 'yarki. Mu jera su.

Likita ne farko. Shawarar ƙawarki ki watsar, ke kin fi ta sanin haka. Ki fara shan magani yadda ya kamata, ki gaya wa likitan abin da kike sha. Na tambayi wani matuƙi da na sani, ya ce da yawa suna tuƙi da hawan jini in an shawo kansa, amma likita ne mai yanke hukunci. In ya ce a'a, kin huta da sauran tambayoyin. Har yanzu za ki iya tashi da malami a gefenki, ba abin kunya ba ne.

Na biyu, sauka ita ce takan fara gudu daga hannun wanda ya daɗe bai yi tuƙi ba, kuma ba ta dawowa da zuwan sati uku-uku. Ki jira ruwa ya ja baya, ki bar wa ma'aikatanki kanti, ki riƙa zuwa sau biyu a mako na ɗan lokaci. Nguele kuma ki gaya masa a fili cewa tsaki yana rikita ki. In bai gyara ba ki nemi wani malamin. Ke kike biya.

Na uku, kada ki sayi komai kafin lasisi ya dawo hannunki. Ki riƙa hayar na kulob. Na fahimci abin da jirgin Pa Njoh yake a zuciyarki, amma injin da ya yi shekaru a tsaye a iskar bakin teku tsatsa takan ci shi ta ciki, inda ido ba ya gani. Ba cewa nake dattijon yana ruɗin ki ba, shi ma ƙauna ce take magana a bakinsa. In har kin nace, makaniken da ba nasa ba ya buɗe ya duba kafin a taɓa filin Bonaberi. A ganina haɗin gwiwar nan ta fi dacewa da ke. Ki tambayi kanki sau nawa a shekara Dipita zai zo ya cike kujeru huɗu. Maganar Lahadi kuwa, ke ce mai kanti, kina iya tashi ranar Talata.

Endale ta yi kuskure da ta sa yarinya a tsakani, kuma wata rana ki gaya mata haka. Amma ki tuna ta girma ne tana kallon uba a kwance, ke kaɗai ce a tsaye. Tsoro ne ya yi magana, ba raini ba. Kada ki jira ta zo, ki je gidanta. Kada ki yi mata alkawarin bari don a zauna lafiya, za ki riƙe ta da shi a zuci. Ki yi mata alkawarin da za ki iya cikawa: ba za ki tashi ke kaɗai ba sai likita da mai gwaji sun sa hannu, ba za ki tashi cikin hadari ba, kuma ranar da aka ce ki tsaya za ki tsaya. Sannan ki gaya mata abin da kika gaya mini, cewa tun bayan makoki kin rasa abin da za ki yi da hannuwanki. Ina zargin ba ki taɓa faɗa mata ba, kin saba nuna wa yaranki ƙarfi.

Wataƙila ba za ta sauko nan take ba. Ki ba ta lokaci, ki ba kanki. Kin yi wa kowa nasa, 'yar'uwata, ba laifi ba ne ki yi wa kanki wannan ɗaya, in dai kin bi shi a hankali.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya zuciyar Endale, ya sa duk tashin da za ki yi ki sauka lafiya.

Anti Odil