Sunan da Ke Kan Kati

Inna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya ƙara haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ma ni za ki miƙo wa in karanta miki.

Gida lafiya. Mangwaron da kika ce ba zai yi ba ya yi 'ya'ya bana. An mai da maigidana aiki Sunkani, sai Juma'a yake dawowa. Jikarki, takwararki, ce ta ba mu tsoro. Tun da ta yi ƙyanda ta ƙi abinci, ta rame har riga tana zame mata daga kafaɗa. Ga ni kuma da cikin wata biyar. Ranar awo a asibiti sista ta ɗora yarinyar a sikeli, ta daɗe tana kallona, ta ce in dawo Alhamis a rubuta mu cikin masu karɓar garin waken suya da madarar da gwamnati ke rabawa.

Kwana biyu na yi ina shawara. Malamar sakandare, mai digiri, a layin karɓar gari? 'Yar matar da ko a gidan biki sai ta ce ta ƙoshi? Amma na je. Na cire agogo, na ɗaura tsohon zani don kada a gane ni. Ban kai ga zama a benci ba wata mata ta yi mini sannu da zuwa, Malama, ta ce 'yarta tana ajina.

Da layi ya zo kaina, Sista Rifkatu ta auna hannun yarinyar, ta tambayi shekarunta da unguwarmu, na ce Majidaɗi. Sai ta tambayi sunanta. Na ce Ummi. Ta ce na yanka take so.

Inna, bakina ya ƙi buɗuwa. 'Yar fari ce, kuma sunanki ne. Ni da na rubuta takarda a jami'a cewa kunyar ɗan fari tana raba uwa da ɗanta, har aka ba ni maki mai kyau, na tsaya ina kallon silin. Wata tsohuwa daga Kona da ta kawo jikanta ta ce da irin Hausarta, "Fulani ke nan. Yaro yana ramewa, shi yana kunya." Duk bencin ya kwashe da dariya, har da ni. Daga ƙarshe na roƙi biro na rubuta da hannuna. Amfanin boko ke nan.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekara ashirin da takwas kina kirana "ke", idan da baƙi kuma "waccan". Ƙannena kuwa kina kiran sunansu tun daga bakin rijiya. Na girma ina zaton su kike so, ni haƙuri kike yi da ni.

Da na dawo gida da garin kunun, na buɗe adakarki da na gada ina neman kwalla mai murfi. A ƙasanta na sami wani kati da ya yi ja, a naɗe cikin ɗankwali. Katin awona ne, da sunana a sama, da rubutun wata nas. Ba ki iya rubutu ba. Mahaifinmu Baffa a lokacin yana daji da shanu. To wa ya faɗa musu sunan? A gaban mata nawa kika faɗe shi? Su ma sun yi miki dariya? Na ga wata uku nauyina yana ƙasa, daga nan ya hau. Ban san kin taɓa tsayawa a irin wannan layin ba.

Takwararki tana shan kunun yanzu, in an sa mata ƙuli-ƙuli. Kumatunta sun fara dawowa, ta koma jan wutsiyar akuyar maƙwabta. Ni ma ina sha, ko da yake ɗanɗanonsa na aikin gwamnati ne.

Yau Alhamis, kuma tsohon katin ya cika, sabo za a buɗe mata. Na bar birona a kan tebur. Ta riga ta goyu, bari in ja ƙofa mu tafi kafin benci ya cika. Ki yi haƙuri, yau zan faɗi sunanki a gaban mutane.

Sai mun zo.

'Yarki ta fari,
A'ishatu