A Maido Mini da Hoton Mahaifina Kafin Akwatunanku Su Bar Guangzhou

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar 'Ya'ya da Jikokin Sojojin Saman Faransa, wadda ta shirya nunin hotuna a nan Guangzhou.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka. Sunana Sani Isuhu, mutumin Maradi. Tufafi nake saye a kasuwannin Shahe ina aikawa gida, kuma na daɗe a garin nan ban taɓa shiga rigimar kowa ba. Abin da ya sa na fito fili shi ne na kira waya, na aika saƙo, na je da ƙafata, ban samu amsar da zan riƙe ba. Yau Litinin. An shaida mini ranar Jumma'a za a kai akwatunanku filin jirgin Baiyun. A cikin ɗayansu akwai hoton mahaifina, kuma ba mu da wani hotonsa a duniya sai shi.

Da Hausa na rubuta, don da ita mahaifina ya ba mu labarin mutanenku. Wani ɗan'uwa zai juya maka ita zuwa Faransanci.

Na farko, ka san ko wane ne mutumin da ke cikin hoton.

Sunansa Isuhu, maƙeri ɗan maƙera. Lokacin babban yaƙin Turawa yana ƙasar Cadi neman abinci, sai aka ɗauke shi aiki a filin jiragen rundunar nan da kuke tunawa da ita, masu jefa bom. Bai taɓa tashi sama ba ko sau ɗaya. Aikinsa a ƙasa yake: su mirgino gangunan mai, su wanke yashi daga cikin inji, su ɗaga bom su huɗu su saƙala a cikin jirgi, shi kuma in wani ƙarfe ya karye ya ƙera madadinsa. Yakan ce mana da safe suna ƙirga jiragen da suka tashi, da la'asar su tsaya suna kallon arewa suna sake ƙirgawa. Ran da lissafi bai cika ba, ba wanda ke iya cin abinci, Bature da baƙi.

Akwai jirgin da ya fi sabawa da mutanensa, su uku. Bai iya faɗin sunayensu ba, sai ya raɗa musu nasa: matuƙin shi ne Dogo, na biyu Mai Taswira, mai rediyon kuma Jan Kunne, don rana tana gasa masa kunnuwa. Wata rana jirginsu ya dawo da harbi a jikinsa. Da ya taɓa ƙasa ƙafar jirgin ɗaya ta karye, fiffike ya kama wuta. Dogo da Mai Taswira suka fito. Jan Kunne bai fito ba, ƙarfe ya danne masa ƙafa. Kowa ya ja da baya don ana tsoron mai ya fashe. Baba ya tsoma buhu a ruwa ya yafa, ya ɗauki sandar ƙarfe ya shiga, ya ɓanɓare abin da ya danne shi ya jawo shi waje.

Hannunsa na hagu ya ƙone daga wuyan hannu har kafaɗa. Bai sake miƙewa ba har ya koma ga Allah. Maƙerin da ba ya iya riƙe awartaki ya gama ƙira, don haka da ya dawo Maradi sai ya koma gyaran fitilu a bakin kasuwa. Ni da idona na ga fatar nan, kullum in zai yi alwala.

Bayan ya fito daga asibiti aka ɗauki hoton. Su huɗu ne a ƙarƙashin fiffiken wani jirgi: Dogo, Mai Taswira, Jan Kunne yana dogara sanda, da Baba a gefen dama, hannunsa a naɗe. Hannun Jan Kunne yana kan kafaɗarsa. A bayan hoton Dogo ya rubuta sunaye huɗu da tawada, ya sa hannu, ya ba Baba. Na huɗun shi ne na mahaifina. Ka riƙe wannan, ranka ya daɗe, don a kansa maganata take.

Na biyu, yadda hoton ya zo hannunku.

A kasuwar baje koli ta Pazhou na haɗu da wakiliyarku. Ta ji ina Faransanci da wani mai masana'anta, muka gaisa, ta ce kuna tattara hotuna da takardun rundunar don nunin da za ku yi a nan. Na ce ai mahaifina ya yi aiki da su, na ba ta labarin. Hawaye na gani a idonta, kuma har yanzu ban ce na ƙarya ba ne. Ta roƙe ni in kawo hoton.

Ba a hannuna yake ba. Yana Maradi wurin yayata, Hajiya Rabi, ita ce babbarmu, ita Baba ya damƙa wa shi. Da na kira ta, cewa ta yi, "Sani, hoton nan bai taɓa kwana a waje ba." Na yi sati biyu ina lallashinta. Na ce mata za a rubuta sunan Baba a bango, Turawa da Sinawa su karanta. Da wannan maganar ta yarda. Ta naɗe shi a farin ƙyalle, ta ba wani Alhaji maƙwabcinmu da zai taso daga Yamai, ta ce kada ya sa shi cikin kaya, a aljihun gaba zai riƙe. Haka ya yi.

Ran da na miƙa wa wakiliyarku, ta juya bayan hoton ta karanta sunayen nan huɗu da bakinta, a gabana. Ta rubuta mini takarda ta sa hannu. Abu biyu ke ciki: aro ne, kuma za a maido mini ran da aka rufe nunin. Takardar tana nan a wurina.

Na uku, abin da na gani ranar buɗewa.

Na gayyaci mutanenmu na Maradi da na Yamai da abokan arziki 'yan Kano. Mu tara muka je, wasu sun bar kayansu a hannun masu ɗaurin kaya don su raka ni. Na sa babbar riga. Tun daga ƙofa na hango hoton, kun buga shi babba, ya kusa kai tsayin mutum. Na yi shekaru ban ga fuskar Baba da girma haka ba.

Sai na matsa in karanta rubutun da ke ƙasa. Ga sunan Dogo da muƙaminsa da garinsu. Ga na Mai Taswira. Ga na Jan Kunne, har an faɗi cewa ya tsira daga gobarar jirgi. Ba a faɗi yadda ya tsira ba. A layin ƙarshe aka rubuta: ma'aikaci ɗan ƙasa, ba a san sunansa ba.

Na karanta sau uku, ko Faransancina ne ya gaza. Alhaji Mamman, ɗan Kano ne, ba ya jin Faransanci, ya dafa ni yana murmushi ya ce, "Alhaji Sani, nuna mana inda aka sa sunan tsoho mu ɗauka a waya." Wani ɗan Yamai da ya karanta ya ja shi gefe ya yi masa raɗa. Daga nan ba wanda ya sake ɗaga waya.

Ainihin hoton yana cikin akwatin gilashi a gefe, an kwantar da shi fuska sama, bayansa a rufe. Sunan da kuka ce ba a sani ba yana kwance a nan, taku biyu daga rubutunku.

Ban ɗaga murya ba. Baƙi ne mu a ƙasar mutane, kuma ban so a ce ɗan Isuhu ya ɓata taro. Na jira wakiliyarku ta gama da manyan baƙi, na nuna mata. Ta kama baki, ta ce kuskure ne daga can Faransa aka turo rubutun, za a gyara cikin kwana biyu.

Na huɗu, abin da ya biyo baya.

Na koma bayan kwana biyu, ba a gyara ba. Na koma bayan sati, ba a gyara ba. A zuwa na uku na tafi da 'yar takarda na rubuta sunan da hannuna, na roƙi a manna ta a ƙasa kawai. Aka ce ba a taɓa allon rubutun sai da izinin shugaba, wato kai. Sati uku nunin ya yi, duk wanda ya shiga ya fita da cewa ba a san mutumin nan ba.

Ranar Alhamis da ta wuce aka rufe. Na je Jumma'a da safe da takardata. Na tarar da bango fayau. Mai gadin ɗakin, Basine ne dattijo, na nuna masa hoton akwatin gilashin a wayata, ya girgiza kai ya ce "meyo", wato babu. Ya kai ni ɗakin baya ya nuna mini akwatunan katako guda shida, an buga musu ƙusa an manna takardun jirgi. Shi ne ya nuna mini ranar tafiyar a jikin takardar. Ba don shi ba da ban sani ba.

Na kira wakiliyarku sau bakwai a ranar. Sai ranar Asabar ta turo saƙo. Ta ce ƙungiya ta ga hoton yana da muhimmanci ga tarihin rundunar, ana so a adana shi a ma'ajiyarku a Faransa inda zafi da ƙwari ba za su ɓata shi ba, ni kuma za a ba ni kwafi mai kyau. Ta ce shawarar ba tata ba ce. Tun daga nan wayarta ba ta shiga.

Ranka ya daɗe, hoton nan ya fi shekara tamanin a Maradi. Ya ga zafi, ya ga damina, ya ga shekarar da ruwa ya rushe mana ɗaki biyu, Yaya Rabi ta fito da shi a ƙirjinta ta bar akwatin zannuwanta. Da kuka karɓe shi ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba. Ba mu gaza adana shi ba. Kuma ko da mun gaza, namu ne. Dogo bai ba ƙungiya ba, Isuhu ya ba.

Kwafin da ake maganar ba ni, fuska kawai zai ɗauko. Ni tawadar bayan nake so, ta hannun mutumin da ya ga abin da ya faru ya rubuta sunan mahaifina a jere da nasa. In ainihin ya tafi, rubutun allonku ne zai zama gaskiya, mu kuma mu zama masu ba da labarin da ba shaida.

Kada ka ɗauka ina raina iyayenku. Baba bai taɓa ambatonsu da sharri ba. Yakan ce yara ne ƙanana, nesa da iyayensu mata, suna shiga jirgi sun san hamada tana iya haɗiye su, wasu ta haɗiye ɗin ba a ga ko takalminsu ba. Sun cancanci a tuna da su. Su ukun nan na cikin hoton ba su ji kunyar tsayawa kusa da shi ba, ba su kuma manta sunansa ba. Ban ga dalilin da 'ya'yansu za su kasa abin da su suka yi ba.

Ga abin da nake roƙo.

A buɗe akwatin a ciro hoton a damƙa mini hannu da hannu kafin ranar Jumma'a. Wannan shi ne gaba da komai. In aikin buɗewa da sake bugawa ne matsala, zan zo da kafinta.

Duk inda za a sake kafa allon nan, a rubuta sunansa, Isuhu maƙeri, mutumin Maradi, a kuma faɗi yadda Jan Kunne ya tsira. In an yi haka, na yarda ku ɗauki hoton gaba da baya ku ajiye a ma'ajiyarku, da izinin gidanmu a rubuce.

Sannan a rubuta wa Hajiya Rabi layi biyu na ban haƙuri. Ba ni ba, ita. Tsohuwa ce, idonta ya fara rauni. Duk kiran da za mu yi sai ta tambaye ni ko mutane sun karanta sunan Baba, ni kuma in ce mata layi ba kyau. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai a kan wannan, kuma na gaji.

Ranar Alhamis mai zuwa tun buɗe ƙofa zan zo ɗakin nunin da takardar aro a hannuna. Ba zan yi hayaniya ba, ba zan tare motar kowa ba. Zan zauna a bakin ɗakin akwatunan har a rufe. In motar kaya ta zo ta kwashe su a gabana, to a gabana za a yi, kuma wanda ya ba da umurnin ya san na gani.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon kwana, ya yi maka jagora a kan riƙon amanar da ke hannunka. Allah ya raya zuriyarka. Allah kuma kada ya nuna maka ranar da za ka tsaya gaban hoton mahaifinka, da abokanka a bayanka, ka karanta cewa ba a san ko wane ne ba.

Wassalam.

Naka,
Sani Isuhu,
ɗan Isuhu maƙeri,
Guangzhou.