Kunun da Na Kai wa Gwaggonki

Zuwa ga 'yata Charity,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki lafiya a Fatakwal. Babanki ya ji sauƙin ƙafa, har ya koma shagonsa a kasuwar Wunti. Da hannuna nake rubutawa, ki yi haƙuri da layin da ya karkace, kin san da furfura na shiga aji.

Gwaggonki Cecilia ta samu shanyewar ɓarin jiki. Zumuntar mata ta raba kwanakin jinya, Alhamis ta faɗo kaina. Ni, a ce in ciyar da matar da ta je gaban dattawan ikilisiya ta ce kina da ciki, aka fasa aurenki da Godfrey, kika bar gari! Na ce wa shugabarmu Liatu ba za ni ba. Ta ce in karanta inda aka yi maganar ciyar da maƙiyi a Littafi Mai Tsarki. Na bi shi da yatsa sau uku, na ga an ce ciyar da shi tara masa garwashin wuta ne a kansa, na ce to, wannan zan iya. Na sayo gyaɗa a kasuwar Muda Lawal, na dama kunu mai kyau don kunya ta ƙone ta.

Da na kai mata cokali, bakin nan da ya yi miki ƙarya ya kasa riƙe kunun. Na goge mata da bakin zanena. Ba ta ma gane ni ba. Na fito raina ya fi ɓaci, don babu wanda ya ƙone sai ni.

A cikin keke napep, ina komawa gida, na gane da wa nake faɗa. Ranar da dattawa suka kira ki, ina zaune a wurin, na san ƙarya ce, na sunkuyar da kai don tsoron dangin babanki. Wannan matar da ta yi shiru, wato ni kaina, ita ce maƙiyiyata. Shekara uku na hana ta jibin Ubangiji, na hana ta barci. Yanzu na ga ita ma an ce a ji tausayinta.

Ban ce ki yafe wa Cecilia ba, ni ma har yanzu ina tafasa. Amma kin daina ɗaukar wayata, kuma ba zan iya shiryawa da kaina ba sai na faɗi wannan a gabanki. Ki zo Kirsimeti, ko zagina za ki yi.

Ki gaida kawunki Zakka da iyalinsa. Lahadi akwai jibin Ubangiji. Zan je, ban sani ba ko zan miƙa hannu in karɓa.

Mamanki