Ƙafar Nusaiba ta Filasta

Dapaong, Disamba 1992

Yaya Mumuni,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya su Inna? Yajin aiki ya rufe lopital ɗinmu, asibitin da nake aiki, a gida nake yi wa yara gashin ƙashi, har da 'yata Nusaiba. Ƙafar da shan-inna ya taɓa ta fara miƙewa. Na ɗauki siffarta da filasta, na ba Karimu direba ya kawo maka Sokodé, tunda kai ne mai haɗa takalmin ƙarfe a shagon Turawan haɗin gwiwa. Ka hanzarta, Yaya. Ka fi ni sanin ƙafar yaro ba ta jira.

Ƙanwarka, Zulfa

Sokodé, Janairu 1993

Zulfa,

Bayan gaisuwa mai yawa, siffa ta iso lafiya duk da shingayen hanya. Sai dai ƙarfe ya ƙare, Turawanmu kuma suna haɗa kaya saboda harbe-harben Lome. A ƙara haƙuri.

Yayanki, Mumuni

Dapaong, Afrilu 1993

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Karimu ya tarar da shagonka a kulle. Maƙwabcinka ya ce masa: "Ai Mumuni ya bi Turawa, da wani ƙafa fari cikin akwati." Ƙafar 'yata ce, Yaya! Kullum tana rarrafawa bakin ƙofa in ta ji mota, ni kuma ina ce mata kawunki na hanya. Ka mai da ni maƙaryaciya a gabanta.

Zulfa

Sokodé, Yuli 1993

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na dawo. Ki fahimce ni: taron masu taimako aka kira a Turai, likitoci suka yi ta jawabi ba wanda ya motsa. Da na ɗora siffar nan a tebur, wallahi har da masu hawaye. Sun ba mu ƙarfen da zai ishi yaran arewa duka. Na Nusaiba na fara haɗawa, ga shi a hannun Karimu.

Naki, Mumuni

Dapaong, Agusta 1993

Yaya,

Takalmi ya iso, aikin ya yi kyau. Bai shiga ba. Ƙafar ta yi tsawo, gwiwar kuma ta ƙage, ta daina miƙewa. Na gaya wa Nusaiba inda ƙafarta ta je. Ta ce in tambaye ka ko mutanen da suka yi kukan sun tambayi sunanta.

A gaida Inna.

Zulfa