Soson ƙaramin tanki

Karaye, daren Laraba

Inna ta wanke soson da ke tace ruwan ƙaramin tankin kifina da sabulu. Ta ce ya yi dauɗa, kuma ai babu kifi a ciki. Dauɗar nan ita ce ƙananan ƙwayoyin halittar da ke cinye gubar kashin kifi, makonni na yi ina ciyar da su. Ranar Asabar sababbin kifayena za su iso daga Kano, kuma a tankin nan za su fara zama, don kada su shafa wa tsofaffin da ke babban tanki cuta.

Na sauya ruwan, na yanko rabin soson babban tanki na saka. Goggo Hajjo da ta zo daga Jajaye tana kallona, ta ce, "Ashe nono kake haɗawa, ɗan nan. Haka nake ɗiga tsoho a sabuwar madara."

Ban sani ba ko za su yaɗu kafin Asabar. Ina kallon kumfa yana tashi a hankali, ina ganin kamar wani garke ne da ido ba ya gani yake kiwo cikin soson.

Ɗazu Inna ta leƙo, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Dauɗar taka ta dawo?"