Mun Kai Jidda Bakin Teku

Talatu aminiyata,

Sallama irin wadda muka saba, da addu'ar Allah ya haskaka makwancinki. Na san wannan takarda ba za ta taɓa isa hannunki ba, amma zama ya gagare ni. Na share tsakar gida na sake sharewa, na ɗauki littafi na kasa wuce shafin farko. To wa zan faɗa wa in ba ke ba?

Na ga teku, Talatu. Tekun nan na cikin littattafan da muke haya a bakin kasuwa, muna kwance a ɗakin Innarki kina cewa can za a kai ki yawon amarci.

Bari dai in fara da gida. Innarki tana Salka, ciwon ƙafar ne har yanzu. 'Yarki Jidda ta iya cin tuwo da kanta, in ta yi fushi kuma sai ta turo baki irin naki. Tun da Inna ta ba ni riƙonta bayan rasuwarki, ba ta taɓa kwana nesa da ni ba. Ni kuwa Allah bai kawo nawa ba tukuna.

Ga abin da nake ta kewayewa. Mijinki Ɗanjuma ya yi aure. Sunanta Rakiya, malamar firamare ce 'yar Nasko. Ban je bikin ba, na ce kaina ke ciwo.

Shi da maigidana suna nan suna ɗauko wa mutane motoci daga Legas. Wannan karon suka ce mu biyo su mu sha iska, har da Jidda. Ni ba yarinya ba ce, na gane so suke in ga Rakiya da idona. Na shirya mata kuwa. Kin san yadda matar uba take a littattafanmu, murmushi gaban miji, mintsini a bayan ɗaki. Tun daga tashar Kontagora nake sa mata ido, ina jiran shafin da fuskarta za ta canza.

Kafin Mokwa Jidda ta yi amai. Ina laluben leda, Rakiya ta riga ta tara mayafinta, sabo fil na lefe. Na ce a raina don Ɗanjuma yana kallo ne. Da na waiwaya, barci yake yi baki buɗe.

Da suka karɓi motar a Legas, muka ɗauki hanyar Badagry. Bishiyoyin kwakwa, ƙarnin kifi, iska mai danƙo a fata. Mazan suna gaba suna musu kan hanya, kowa yana rantsuwa ya fi sani, har muka ɓata muka dawo. Rakiya ta saya mana kwakwa, ta ba ni wadda ta fi ruwa. Na so in ƙi sha, ƙishirwa ta hana.

Tekun ba irin namu ba ne, Talatu. Ba shuɗi ba ne, toka-toka ne, ga robobi a bakin yashi, ga ruri kamar tirela ta taho. Babu masoyan da ke tafiya a hankali, sai masu hoto da ke bin mutum. Duk da haka na tsaya na kasa motsi, ina tunanin abin da za ki ce. Igiyar ruwa ta taso ta watso mana. Jidda ta tsala ihu ta ruga. Na durƙusa na buɗe mata hannu, ta wuce ni ta shige zanin Rakiya.

Rakiya ta lallashe ta, ta kawo min ita da sauri, idonta a ƙasa kamar ta yi min sata. A hanyar dawowa yarinyar ta yi barci, kanta a cinyar Rakiya, ƙafafunta a tawa. Babu wadda ta motsa a cikinmu.

Me ya sa ba ta zama muguwa ba? Da na san abin yi. Da na je Salka na faɗa wa Inna, na rungume 'yata na ce ba inda za ta. Wane irin mutum ne ke addu'ar marainiya ta faɗa hannun muguwa don kada a raba shi da ita? Ni ce, Talatu, duk tsawon hanyar nan.

Ɗanjuma ya aiko ta bakin maigidana, yana son 'yarsa ta koma gidansa kafin a buɗe makaranta. Ya ce ba dole, sai in na yarda. Inna ma ta bar min zaɓi. Na haɗa kayanta na kwance, na sake haɗawa. Yanzu haka tana waje tana wasa da murfin tukunya, ba ta san komai ba.

Zan kai ta da kaina ranar Juma'a, ba zan aika kowa ba. Zan zauna in faɗa wa Rakiya cewa Jidda ba ta son kunu da zafi, kuma sai ta riƙe kunnen mutum take barci. Ke ba a tambaye ki ba aka raba ku. Ni an tambaye ni, da bakina zan ce to.

In na yi kuskure ki yafe min. Allah ya jiƙanki, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Taki har abada,
Safiya, Maman Jidda zuwa ranar Juma'a