Amfilifayar Baba da Ban Jira Ta Yi Ɗumi Ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana don Allah, rabin Mafara sun san ni. Don Allah ku ba ni shawara, hassada ce ke cina, kuma na san ita ce, ba sai an gaya mini ba.

Ni makaɗin jita ne, ina bin bukukuwa tsakanin Mafara, Bakura da Maradun, sana'ar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Da ya rasu ya bar wata tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sautin jita, mai jikin katako, nauyinta kamar rabin buhun gero, wani Bature mai aikin dam ya ba shi tun ba a haife ni ba. Irin ta da ce, mai 'yan kwalabe a ciki. Ban taɓa ganin ta a kunne ba, don tun ina ƙarami Baba ya ajiye kiɗa. Bayan sadakar arba'in na jona ta, na taɓa tsirkiya, shiru. Na kashe na sake kunnawa, shiru. Ni da na saba da sifikar zamani, kana latsawa tana amsawa, sai na ce ta bi mai ita, na tura ta zaure muna ɗora buta a kai.

Akwai ɗan ƙanen Baba a Bakura, bari in kira shi Sanusi, ni na koya masa riƙon jita da hannuna. Ya zo gaishe da Inna, mahaifiyata, ya ga amfilifayar ya roƙe ni. A gaban Inna na ce ya ɗauka ya yi kujera da ita, har da dariyata. Washegari ya kira ni yana haki, ya ce, "Yaya, wagga aba lahiya lau take! Na kunna na tahi alwala, na dawo na iske kwalaben sun yi ja, tana gurnani. Ɗumi ɗai taka so." Ashe sai an ba ta kamar minti ɗaya kafin ta buɗe baki. Minti ɗaya jama'a! Na ce masa ma sha Allah, amma ranar tuwo bai wuce mini ba.

Gaskiya ɗaya ce, muryarta daban ce. Tana da kauri da laushi, tawa kuwa in na ƙara mata ƙarfi sai ta riƙa ƙara kamar ana yaga langa-langa. Yanzu duk mai biki Sanusi yake nema. Wanda ya fi ƙona mini rai, a wani biki a Birnin Tudu, ina tsaye, wani dattijo ya dafa kafaɗar Sanusi idonsa da ƙwalla, ya ce yau ya ji kiɗan marigayi, lallai ɗa ya gaji ubansa. Sanusi ya nuna ni ya ce ga ɗan marigayin nan, dattijon ya dube ni sau ɗaya ya mayar da kai. Har wani mai tara irin waɗannan tsofaffin kaya ya taso daga Abuja don ya ga bidiyonta a waya, ya yi tayi mai tsoka, Sanusi ya ce muryar baffansa ba ta sayarwa ba ce. Wallahi da ya sayar da na fi samun sauƙi, ko banza na samu abin zaginsa.

To yanzu kwalba ɗaya ta mutu. Ya je Gusau, ya je Sakkwato, masu gyaran rediyo wasu ma ba su taɓa ganin irinta ba. Kuma ya riga ya amsa wani babban biki a Maradun ranar Asabar. Ni kuma sati uku da suka wuce ina neman takardar gona a akwatin ƙarfen Baba, na ci karo da kwalaben amfilifayar guda biyu sababbi fil, naɗe cikin tsohuwar hularsa. Jiya Sanusi ya zo har gida, ya durƙusa ya tambaye ni ko Baffa ya bar wasu. Na kalli ƙwayar idonsa na ce babu. Ya yi mini godiya ma, ya hau babur ɗinsa. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba, ta ce, "Ubanka kullum shina hwaɗin ba ka jiran abu shi nuna." Ban san ko ta ga hular ba.

Zuciyata tana cewa in ce ya dawo mini da kayan ubana, amma yaya zan yi amai in lashe, a gaban Inna na ba shi? In kuma na miƙa masa kwalaben, na tona wa kaina asiri, kuma da hannuna zan sake kunna masa abin da ke hana ni sukuni. In na yi shiru, muryar Baba ta mutu karo na biyu, wannan karon da sanina.

Asabar saura kwana uku, hular tana ƙarƙashin katifata. Ku gaya mini gaskiya ko da ɗaci, in kai masa ko in bar ta inda take?